Wasiƙar Irmiya da Ƙasar Tsakar Gidanmu

Ga dukan masu bi na Anka, da Gummi, da Bukkuyum, da ƙananan majami'un da ke kewaye da su. Maganar da muke so mu yi tunani a kanta tare da ku a wannan fitowa ƙarama ce a ido, har wani zai ce ba ta isa a hau mumbari da ita ba. Maganar lambu ce, wato ɗan ganyen miyan da ake shukawa a tsakar gida, ko a bayan ɗaki, ko a cikin tsohon buhu. Amma Allah bai raina ta ba, gama ya taɓa sa annabinsa ya rubuta ta a wasiƙa, ya aika wa mutanen da suka rasa kome.

Ku buɗe Littafin Irmiya, sura 29. A shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, Nebukadnezzar sarkin Babila ya ci Urushalima, ya kwashi sarki Yekoniya da mahaifiyarsa, da fadawa, da maƙera da sauran masu sana'a, ya kora su zuwa ƙasarsa. Mutanen nan suka zauna a bakin magudanan ruwan Babila, kayansu a ɗaure, kunnuwansu a hanya, suna jiran ranar da za a ce a tashi. Masu faɗa musu abin da suke so su ji kuwa ba su yi ƙaranci ba. A Urushalima wani annabi mai suna Hananiya ya tsaya a Haikali ya yi alkawari da sunan Allah cewa kafin shekara 2 ta cika kome zai koma yadda yake, har ya cire karkiyar itacen da Irmiya ya rataya a wuyansa, ya karya ta a gaban jama'a. A Babila ma akwai irinsa. To, wa zai kafa danga, wa zai haƙa rami ya zuba taki, alhali an ce masa baɗi war haka yana gida?

Sai ga wasiƙar Irmiya ta iso, ba ta kuwa zo da abin da ake jira ba. Ta ce zaman zai kai shekara 70. Saboda haka su kwance kaya, su yi gini, su kama ƙasa su yi lambu, su ci daga abin da hannunsu ya shuka, su yi aure su aurar da 'ya'yansu, kada yawansu ya ragu. Abin da ya fi wuyar haɗiya kuwa shi aka ajiye a ƙarshe: su yi wa Babila addu'a, su nemi alherin garin, tun da lafiyarsu a ɗaure take da tasa. Mu lura da kyau, 'yan'uwa, Allah bai ce musu su yi tawaye ba, bai kuma ce su zauna su yi ta makoki ba. Hauya ya miƙa musu. Ya san mutumin da ya zauna yana ƙirga kwanaki, ba ya shuka, ba ya girbi, tun kafin yunwa ta gama da jikinsa zuciyarsa ta riga ta mutu.

Ba ma bukatar mai fassara kafin mu gane wannan wasiƙa. Sa'ad da aka ƙirƙiri Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba 1996, kirarin da ta zaɓa wa kanta na noma ne, ana ganinsa a lambar kowace mota. Ga shi kuwa mun ga zamanin da manomi yake biyan 'yan bindiga haraji kafin ya yi shuka, ya sake biya kafin ya yi girbi, wani ma ya biya duka biyun a ɗauke shi daga cikin kunya. A farkon watan Janairu na 2022 aka far wa ƙauyuka da dama na Anka da Bukkuyum. Gwamnati ta ce mutum 58 aka kashe, mutanen wurin suka ce sun kai 200. Waɗanda suka tsira suka kwararo cikin gari, kamar yadda wasu suka riga su tun shekarun baya, har filin da aka fara ginin sabuwar fadar sarki a Anka ya zama sansanin masu gudun hijira. Manomin da yake cika rumbu biyu ya koma sayen gero da kwano. Yunwa kuwa yara take fara tambaya: a gwajin da likitocin agaji na MSF suka yi a Shinkafi da Zurmi a watan Yuni na 2024, fiye da ɗaya cikin kowane yara 4 'yan ƙasa da shekara 5 aka samu da tamowa. Mu kanmu masu bi na waɗannan garuruwa, da yawanmu baƙi ne ta wata fuska, aiki ko kasuwanci ya kawo mu, wasu daga ƙasar Zuru, wasu daga kudancin Kaduna, wasu daga ƙetaren Kwara da Binuwai, muna zaune a gidan haya shekara goma sha, kullum muna cewa baɗi za mu koma.

Mun san abin da wani zai ce, yana kuwa da gaskiyarsa. Zai ce: ashe Fada yana so mu haƙura da gonakin iyayenmu, mu bar wa ɓarayi daji, mu gamsu da buhun alayyafo? Ko kaɗan. Irmiyan nan da ya rubuta wasiƙar, shi ne kuma a sura 32, sa'ad da rundunar Babila ta kewaye Urushalima, shi kuma yana tsare, ya auna azurfa shekel 17 ya sayi gonar ɗan'uwansa a Anatot, ya sa shaidu suka sa hannu, ya ba da umarni a adana takardun a cikin tukunyar ƙasa domin su daɗe. Gonar da ba zai iya taka ta ba a ranar nan ya saya, domin ya shaida cewa za a sake yin noma a ƙasar. Mai bi yana riƙe da biyun nan tare, lambu a inda aka kora shi, da takardar gona a cikin tukunya. Buhun alayyafo ba zai ciyar da gida da tuwo ba, ba ya kuma sauke wa hukuma nauyin da ke wuyanta na tsare rai da hanyar gona. Wannan bashi ne, za mu ci gaba da binsa da murya a sarari. Akwai kuma gargaɗi a nan ga masu ɗan hali a cikinmu. Sarki Ahab ma lambun ganye yake so ya yi kusa da fadarsa sa'ad da ya sa ido a gonar Nabot, ƙarshen maganar kuwa jini ne (1 Sarakuna 21). Wanda ya ga ɗan gudun hijira a matse, ya sayi gonarsa da kuɗin da bai kai na akuya biyu ba, ya san layin da ya shiga, ko da an rubuta takarda an sa hannu.

Noma a cikin gari ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, mantawa muka yi. Da kakannin wannan ƙasa suka gina ganuwa, ba gidaje kaɗai suka kewaye ba. Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya tarar gidajen mutane sun cika wani sashe ne kawai na cikin ganuwa, sauran kuwa fili ne da gonaki. Haka ya gani a Katsina. Da gangan aka bar filin, domin ranar da abokan gaba suka kewaye gari aka rufe ƙofofi, a sami inda mutanen karkara za su fake da dabbobinsu, a sami kuma abin sawa a baki. Har wa yau a Kano ɗin, jakuna sun daɗe suna fita da takin birni, wato toka da shara da kashin dabbobi, zuwa gonakin da ke kewaye, su komo da hatsi da itace. Mutanen nan ba su karanta Irmiya ba, amma sun san garin da bai iya fitar da ko ganyen miyansa ba, a hannun mai tare hanya yake. Mu kuwa muka yanka kowane fili muka sayar, muka shafe tsakar gida da siminti, muka ce ci-gaba ne.

Abin mamaki, manyan biranen duniya da suka riga mu shafe ƙasarsu da siminti, su ne yanzu suke neman inda za su mayar da ita. Da ba su sami wuri a ƙasa ba sai suka hau sama. Birnin Basel na ƙasar Suwizalan ya sa a dokar gini tun 2002 cewa sabon gini mai shimfiɗaɗɗen rufi sai an zuba masa ƙasa an shuka tsire-tsire a kai. Toronto ta Kanada ta kafa irin wannan doka a 2009 domin manyan gine-gine. A Paris an buɗe gona a 2020 bisa rufin wani babban zauren baje koli, wadda aka shirya ta kai murabba'in mita 14,000. Dalilinsu a fili yake: rufin da ke da tsiro yana rage zafin ɗaki, yana kuma shanye ruwan sama ya sake shi a hankali, maimakon ya zubo gaba ɗaya ya cika kwalbati. Waɗannan na masu kuɗi ne. Waɗanda suka fi kama da mu su ne waɗanda wuya ta koya musu. A Habana ta ƙasar Kuba, da Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991, takin zamani da man fetur suka yanke, mutanen birni suka kewaye kangon filaye da 'yan gajerun bango, suka cika su da ƙasa da ruɓaɓɓen taki da suka ɗebo daga wani wuri, suka ciyar da kansu da ganye. A Dakar tun 1999 ake koya wa mata shuka a kan teburin katako, ba da ƙasa ba, da ɓawon gyaɗa da ƙaiƙayin shinkafa, abubuwan da mu nan muke cinna wa wuta. A unguwar Kibera ta Nairobi, bayan rikicin zaɓen 2007 ya sa abinci ya yi tsada, dubban gidaje suka koma shuka ganye a cikin buhu a ƙofar ɗaki.

Kada wani ya karanta wannan ya ɗauki kwando ya fara hawa da ƙasa bisa soronsa. Rufinmu na ƙasa da azara an yi shi ne domin ya kori ruwa ta indararo da sauri. Ranar da danshi ya kwana a kai, gara da ruɓa sun sami ƙofa. Buhu guda na jiƙaƙƙiyar ƙasa ya fi ƙaton mutum nauyi, kwanon rufi kuwa ko yaro ya taka sai ya lotsa. Mutanen Gummi ba sa bukatar a gaya musu abin da ruwa ke yi wa ginin ƙasa, sun gani da idonsu a ambaliyar watan Agusta na 2024. Ko mai Zabura ma, da ya nemi misalin abin da ba ya ƙarko, ciyawar kan soro ya ɗauko (Zabura 129). Amma muna da namu koren rufin tun kaka da kakanni, ba mu dai sa masa suna ba. Kabewa da duma da soso da ake shukawa a gindin danga, su bi ta, su hau rumfa ko jinka, su yi wa ɗaki inuwa da damina, su bar mana abin miya da ƙwarya da kaka: saiwarsu a ƙasa, ganyensu a sama, ba su ɗora wa azara nauyin kome ba. Wanda ya kafa rumfar kara a yammacin ɗakinsa na kwano ya sa kabewa ta hau, zai ji bambanci a jikinsa da la'asar.

Yanzu mun zo inda maganarmu ta rabu da ta Paris da ta Nairobi, muna roƙo ku karanta wannan sashe a hankali, ku kuma karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba. A Littafin Sarakuna na Biyu, sura 2, mutanen Yariko suka zo wurin Elisha da wani kuka. Suka ce masa garin nasu yana da kyaun mazauni, shi ma yana gani, amma ruwansa mugu ne, ƙasar kuma tana jawo ɓari da mutuwa. A ido babu abin da ya sami garin. Cutar tana cikin abin da ake sha da abin da ake takawa. Idan akwai mutanen da ya kamata su fahimci kukan Yariko a duk faɗin Nijeriya, mutanen Anka da Bukkuyum ne.

A watan Maris na 2010 likitocin MSF suka sami labarin yara suna suma suna mutuwa a wasu ƙauyuka, aka yi musu maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi ba. Kafin wannan, mutanen ƙauyukan sun lura agwagi sun ƙare, ba wanda ya san abin da hakan yake nufi. Da aka auna jini sai aka ga gubar dalma ce. Farashin zinariya ya hau a kasuwar duniya, dutsen da ake haƙowa kuwa cike yake da dalma. Maza suna kawo shi gida a buhu, ana niƙa shi a injin da ake niƙa hatsi, mata suna daka shi a turmi, ana shanya shi a tsakar gidan da yara ke rarrafe. 'Yargalma, Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji, Tungar Guru, Duza, daga baya kuma Bagega: waɗannan sunaye sun zaga duniya. Yara wajen 400 suka rasu. Binciken da aka yi gida-gida a ƙauyuka 2 ya nuna ɗaya cikin kowane yara 4 'yan ƙasa da shekara 5 ya rasu a cikin shekara guda. A wasu wuraren da ake sarrafa dutsen an auna ƙasa an sami dalma fiye da kashi 100,000 cikin miliyan, wato kashi 10 cikin 100 na ƙasar dalma ce, alhali iyakar da Amurka ta sa a lokacin domin filin wasan yara 400 ce. Iyayen nan ba mugunta suka yi ba, neman abin da za su ciyar da 'ya'yan suke yi. Wannan shi ya sa abin yake da ciwo.

Mu duba abin da Elisha ya yi. Ya sa aka kawo masa sabuwar ƙwarya da gishiri, bai bi gida-gida yana zubawa a randuna ba, ya tafi can idon ruwan, inda cutar ta fito. Mu Katolika muna tunawa da wannan ko ba mu sani ba, gama addu'ar da firist yake yi bisa gishirin da ake sawa a ruwan albarka tana ambaton Elisha. Haka aka yi a ƙauyukanmu. Likitoci suka ce ba amfani a ba yaro maganin da ke fitar da dalma daga jini, sa'an nan a mayar da shi ƙasar da ta sa masa ita. Sai da ma'aikatan wani kamfanin Amurka mai suna TerraGraphics, tare da ma'aikatan jiha da samarin ƙauyukan, suka bi gida-gida da fartanya da shebur, suka kankare saman ƙasa, suka kwashe ta suka binne a manyan ramuka, suka shimfiɗa sabuwa mai tsabta. An yi wa ƙauyuka 7 haka tsakanin 2010 da 2011. Bagega ta jira har 2013 kafin a saki kuɗin aikinta, yaranta suna cikin gubar duk tsawon jiran. A 2022 MSF ta miƙa aikin ga hukumomin jiha. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019, ta ɗage hanin a watan Disamba na 2024. Dutsen yana nan, talauci yana nan, buhun dutse kuwa yana iya shiga gari kamar yadda mutane suka shigo.

Saboda haka umarnin Irmiya, a wannan yanki namu, yana da tambaya a gabansa: wace ƙasa? Dalma ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, ba ta ruɓewa, tafasa ba ta kashe ta; inda ta zauna tana nan shekara da shekaru sai an kwashe. Mun san akwai masu bangaskiya mai zafi da za su ce a yayyafa ruwan albarka a shuka kawai. A yayyafa, muna murna da haka, mu da kanmu za mu zo mu yayyafa. Amma wanda ya san an taɓa niƙa dutse a gidan da yake haya, ya shuka alayyafo a ƙasar, ya ce Allah zai tsare, gwada Allah yake yi, Ubangijinmu kuwa ya ƙi yin haka sa'ad da aka kai shi ƙololuwar Haikali. Ruwan albarka ba a ba mu shi domin ya maye gurbin shebur ba.

Ga kuma abin da ya haɗa maganar yunwa da ta guba wuri ɗaya, shi ya sa muka ce lambun nan ba ƙaramin abu ba ne. Jikin ƙaramin yaro yana shan dalmar da ya haɗiya ninki 4 zuwa 5 fiye da na babba. Yaron da cikinsa yake wofi, ko wanda jininsa ya rasa sinadarin ƙarfe da na kalsiyam, ya fi kowa shanta, gama jiki yana karɓarta a madadin abin da ya rasa. Waɗannan sinadarai kuwa suna cikin zogale, da alayyafo, da rama, da wake. Ashe ganyen da uwa ta tsinka a bakin ɗakinta yana yaƙi biyu a lokaci guda. Amma ganyen nan kansa, idan ƙura mai dalma ta kwanta a kansa, ya zama hanyar cuta. Masu binciken da suka auna abincin ƙauyukan nan sun tarar yawancin dalmar ba daga gona ta shiga hatsi ba, bayan girbi ta shiga, wajen sussuka da shanya da daka a gurɓataccen wuri. Wato hannunmu yana da iko a kan abin.

A nan dabarar buhu ta fi mana amfani fiye da mutanen Nairobi, domin tana raba shuka da ƙasar gidan baki ɗaya, mai haya kuma in an tashe shi sai ya ɗauki lambunsa a amalanke. A sami buhun da aka san hatsi ko taki ya ɗauka. Wanda ya taɓa ɗaukar dutsen zinariya, ko wanda ba a san asalinsa ba, kada a yi amfani da shi ko kyauta ne. A ɗebo ƙasa daga wurin da aka tabbata ba a taɓa niƙa dutse ko wanke shi ba, ba kuma kusa da inda ake fasa tsohon batir ba, gama shi ma dalma ce a cikinsa. A gauraya ta da busasshen kashin awaki ko na shanu wanda ya riga ya huce. A tsakiyar buhun a jera tsakuwa tun daga gindi har baki, kamar ginshiƙi, domin ruwan da aka zuba a kai ya ratsa ko'ina. Sa'an nan a tsaga 'yan ƙananan kafofi a jikin buhun a dasa. Alayyafo wata guda ya isa a fara tsinka, kuɓewa wajen wata biyu, yakuwa da lalo ba su da fitina. Tumatir da barkono da kuɓewa, da yake 'ya'yansu ake ci, sun fi ganye da masu saiwa nisa da haɗarin ƙasa. Ruwa shi ne wahalar rani, mun sani, musamman ga mai sayen jarka a wurin 'yan garuwa. Amma ruwan tsari da na wankin shinkafa da ake watsarwa a lungu kowace rana ya isa ya riƙe buhu biyu, a dai raba shi da na omo. A wanke ganye sarai kafin a yanka, a yi shanya bisa tabarma mai tsabta a kan rumfa, a wanke hannun yaro kafin ya ci. Maganar akuyar maƙwabci kuwa, wadda ta raba zumunci da yawa a ƙasar nan, maganinta ƙaya ce da kara, tun kafin tsiro ya fito.

Sauran kashin ƙarshe na wasiƙar, wanda muka ce ya fi wuyar haɗiya. Mu 'yan kaɗan ne a waɗannan garuruwa, wani lokaci kuma tsoro yakan sa mu ja jiki, mu zama kamar masu kwana a tasha. Yawancin waɗanda aka koro daga ƙauyuka Musulmi ne, yaran da dalma ta kashe a 2010 ma haka. Irmiya bai bar wa mutanensa wata ƙofa ta cewa wannan matsalar 'yan gari ce ba. Ƙurar da ta tashi daga injin niƙa ba ta tambayar gidan wa za ta shiga. Marigayi Paparoma Faransis, a wasiƙarsa ta Laudato Si' ta 2015, ya nace a kan cewa lalacewar ƙasa da wahalar matalauci matsala ɗaya ce, ba a warware ɗaya a bar ɗaya. Mu nan mun ga haka a makabartar yara tun kafin a rubuta. A cikin masu gudun hijiran nan akwai manoman da suka fi mu sanin ƙasa nesa ba kusa ba, suna zaune hannu rabbana, abin da ya fi ci musu rai ke nan. Filin da ke bayan majami'unmu, wanda ciyawa da leda suka cinye, da za a kewaye shi, a kira su su koya wa samarinmu, a raba abin da ya fito, da an yi wa'azin da ba mu iya yi da baki ba a wannan wuri. Safiyar tashin Ubangiji daga matattu, Maryamu Magadaliya ta gan shi ta zaci mai lambu ne (Yahaya 20), Iyayen Ikilisiya kuwa sun ce zatonta bai yi nisa da gaskiya ba.

Muna roƙon shugabannin Zumuntar Mata Katolika da na matasa, tare da katikis na kowace majami'a, su zauna a kan wannan kafin ruwa ya ɗauke. A fara da tambayar tarihin filin majami'a da na gidajen da 'yan'uwa suke haya, a tambayi tsofaffin unguwa ko an taɓa aikin dutse a wurin. Inda aka yi shakka, a rubuta wa sashen lafiya na ƙaramar hukuma a nemi a zo a auna ƙasar, gama akwai na'urar hannu da ake ɗorawa a ƙasa ta nuna yawan dalma nan take, da irinta aka yi aikin 2010; a ajiye kwafin takardar, in ba a amsa ba a sake rubutawa. Wanda yake da irin zogale, ko alayyafo, ko kuɓewa, ko kabewa, ya ƙulla a takarda ya rubuta sunansa a kai, ya kawo lokacin baiko a ajiye a gaban bagade, a sa albarka, a raba bayan Misa, a kuma ware kaso domin sansanin masu gudun hijira. A addu'ar masu bi ta kowace Lahadi kuma, a ambaci garin da kuke zaune da sunansa, da sarkinsa, da waɗanda aka raba da gonakinsu, da yaran 'Yargalma da Dareta da Bagega da suka rayu, waɗanda yanzu sun zama samari da 'yanmata, wasunsu suna ɗauke da lahanin da gubar ta bar musu.